Kufan Kakanni da Rajistar Baftisma: Matsayin Tsofaffin Majami'un Karkarar Kudancin Kano a Nazarin Hausa

Gabatarwa

A ƙauyukan da ke warwatse tsakanin Bebeji da Kiru, da waɗanda suka gangara ta Tudun Wada har zuwa Doguwa, akwai ƙananan majami'u waɗanda matafiyin da ya bi hanyar Zariya, ko ya karya ta Kwanar Ɗangora ya nufi Jos, da wuya ya hango su. Wasu ginin ƙasa ne da rufin kwanon da ya yi tsatsa, wasu an rushe an sake su da bulo, wasu kuwa babu abin da ya rage sai tushen bango da 'yan kaburbura a gefe. Masu sujada a cikinsu Hausawa ne gaba da baya, 'ya'ya da jikokin Maguzawan da suka karɓi addinin Kirista a ƙarnin da ya shuɗe. Lokacin Kirsimeti, ko idan an yi rasuwa ko ɗaurin aure, zuriyarsu da ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja sukan dawo gida. A cikin masu dawowar akwai Kirista akwai Musulmi, domin sau da yawa tsatso ɗaya ne ya rabu. Bayan gaisuwa da shan ruwa, akan sami wanda zai nemi a nuna masa inda kakansa yake kwance, ko a buɗe masa littafin da aka rubuta sunan kakan a ciki.

Wannan ziyara ta cancanci kulawar masana. Tsohuwar majami'ar ƙauye tana riƙe da wani yanki na tarihin zuriyar Hausawa wanda babu shi a fada, babu shi a kotun alƙali, babu shi kuma a ɗakunan ajiyar takardun gwamnati. Sassan nazarin Hausa a jami'o'i sun daɗe suna tsallake ta, ga shi kuma tana lalacewa da sauri. Idan ba a tattara abin da ke cikinta ba tun dattawan da suka ga kafuwarta suna raye, to za a wayi gari da giɓi a tarihin Bahaushe wanda babu wani bincike na gaba da zai iya cike shi.

Yadda majami'a ta shigo karkarar Kano

Rubutaccen tarihin wannan yanki, kamar na sauran ƙasar Hausa, labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. An san Burumburum saboda a nan ne Sarkin Kano Alwali ya gamu da ajalinsa a hannun masu jihadi. An san Bebeji saboda a ganuwarta ne rundunar Kanar Morland ta fara cin karo da turjiya, kwanaki kaɗan kafin Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Amma manoman da ke zaune a gidajen gandu a bayan waɗannan ganuwoyi, masu biyan jizya suna riƙe da kan gidansu da uwar gonarsu, sunayensu ba su shiga kowane kundi ba. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya fitar da littafinsa a 1946. Jerome Barkow da Murray Last sun biyo baya da nazarin Maguzawan ƙasar Zazzau da ta Katsina. Duk waɗannan ayyuka sun bayyana tsarin rayuwa da imani, sai dai manufarsu ba ta haɗa da jera asalin kowane gida ba.

Addinin Kirista ya daɗe yana zagaye ƙasar Kano kafin ya sami shiga. A 1900 ayarin Bishop Tugwell, wanda Likita Walter Miller yake ciki, ya iso birnin Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller ya kafu a Zariya, daga baya mishan ɗin ta koma Wusasa a 1929. Kafin wannan, a 1913, wasu daga cikin Isawa sun neme shi. Su ne mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi, waɗanda suka bazu a yankin da iyakokin Kano da Zazzau da Ningi suka haɗu. An kafa musu mazauni a Gimi, ciwon barci ya tarwatsa shi. Alkawarin da Lugard ya yi wa sarakuna na ƙin tsoma baki cikin addini ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta tsare ƙofar masarautun Musulmi ga 'yan mishan tsawon kimanin shekara talatin.

A shekarun 1930 ne aka sassauta. Ƙungiyar SIM ta shigo ta ƙofar magani da makaranta: ta karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ta kafa makarantu a Roni da Kabo, da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa. A 1954 majami'un da ta haifa suka zama ECWA. Shobana Shankar, a littafinta na 2014, ta nuna cewa yawancin aikin yaɗa addinin a karkara 'yan ƙasa ne suka yi shi, waɗanda suka warke a asibitocin kutare, da malaman shan magani, da masu bishara da ke yawo a kan keke. Daga 1963 zuwa 1965 Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntar da jama'a, sannan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya ya zo a 1976. Waɗannan biyun sun sa zaman Bamaguje a kan addinin kakanninsa ya ƙara wuya, domin makaranta da asibiti da takardar neman aiki duk suna tambayar mutum ko Musulmi ne ko Kirista. Gidaje da yawa suka zaɓi Musulunci, wasu suka zaɓi Kiristanci ta hannun ECWA ko Katolika ko Angalikan. Yawan waɗannan ya kai har Angalikan suka kafa dayosis a Bari, cikin ƙaramar hukumar Rogo mai maƙwabtaka da Kiru.

Saboda haka tsufan majami'un wannan yanki ba ya wuce shekara hamsin zuwa tamanin. Wanda ya saba da majami'un Turai masu shekara ɗari takwas zai raina wannan adadi. Amma ginin ƙasa da ba a yi masa yaɓe ba, damina goma ta ishe shi, kuma shekara saba'in ita ce iyakar abin da mai rai zai ba da shaida a kai da idonsa. Da wannan ma'auni, majami'ar da aka gina a 1960 ta tsufa tukuf.

Abin da mai ziyara ke tararwa

Abu na farko shi ne ginin kansa. Majami'ar Saint Bartholomew ta Wusasa, wadda aka gina da ƙasa bisa fasahar maginan Zazzau, ta shahara har masana gine-gine suna zuwa kallonta. Ƙannenta na ƙauye ba su da wannan ƙawa, amma suna da nasu darasin. Maginin Bahaushe ya saba da ɗaki da zaure da soro da masallaci. Da aka ce ya gina wuri mai tsawo wanda jama'a za su zauna sahu-sahu suna fuskantar mai wa'azi, sai ya nemi dabara da tubali da azara da abin da ya sani. Kujerun ƙasa da aka yi wa daɓe, da rabon zama tsakanin maza da mata, da ƙarfen wilin mota da aka rataye a bishiya a madadin ƙararrawa, duk shaida ce ta yadda baƙon abu ke zama ɗan gida. Wurin da aka zaɓa ma yana da labari: wane ne ya ba da filin, gonar gandu ce ko gayauna, kusa da tsohon wurin tsafi ne ko nesa da shi, dagaci ya yarda ko an kai ruwa rana.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne daraja ga mai neman asali, shi ne littafin rajista. A Ingila an wajabta wa majami'u rubuta baftisma da aure da jana'iza tun 1538, Majalisar Trent kuma ta ɗora wa limaman Katolika irin wannan nauyi a 1563. Wannan ne ya sa Ba'amurken da kakanninsa suka yi ƙaura daga wani ƙauye na Turai yake iya komawa ya bi sawun zuriyarsa ɗaruruwan shekaru baya. A Nijeriya kuwa dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin ƙasa ta 1992 ce, kuma har yau ba ta game karkara ba. Ga manomin da aka haifa a ƙasar Kiru a 1940, sau da yawa layi ɗaya a rajistar majami'a shi ne kaɗai wurin da aka taɓa rubuta sunansa tare da na mahaifinsa da na ƙauyensu, in ban da takardar haraji wadda ba a ajiye ta.

Rajistocin sun bambanta bisa ɗariƙa, kuma wajibi ne mai nazari ya san bambancin. Katolika da Angalikan suna yi wa jarirai baftisma, don haka littafinsu yakan ƙunshi ranar haihuwa da sunayen iyaye da na iyayen baftisma. ECWA kuwa sai mutum ya mallaki hankalinsa ake yi masa, ta hanyar nitsarwa a ruwa, saboda haka ranar da ke littafinta ranar shiga addini ce, ana neman haihuwa a rajistar miƙa yara in akwai. Ƙaramar majami'a ma ba lalle ta riƙe littafi ba, yana iya kasancewa a babbar majami'ar gunduma. Akwai kuma rajistar da ba ta hukuma ba, wato bangon Littafi Mai Tsarki na gida, inda maigida ke rubuta haihuwar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka buga cikakkiyar fassarar Hausa a 1932, wannan littafi ya zama na farko, wani lokaci na ƙarshe, da ya shiga gidaje da yawa.

Masanin sunaye zai sami hatsi a wannan rumbu. A shafi guda ana iya ganin hawa uku: kaka mai suna Nomau ko Jatau ko Ranau ko Tarana, ɗa mai suna Bulus ko Istifanus ko Rifkatu ko Saratu, jika mai suna Godiya ko Alheri ko Nasara ko Salama. Hawa na farko sunayen gargajiya ne masu nuna yanayin haihuwa ko kamanni ko fata, da yawansu sun ɓace a birni. Na biyu sunayen Littafi Mai Tsarki ne da suka shigo Hausa, akasari da siffarsu ta Larabci. Na uku komawa ce ga kalmomin Hausa da sabuwar ma'ana. Littafin baiko ma ba abin yarwa ba ne. Godiyar kaka da aka rubuta da damin dawa da buhun gyaɗa tana nuna shekarar yalwa da ta ƙunci, har a iya bin sawun farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 a ƙauye guda. Shafin da lissafi ya tashi daga fam da sule ya koma naira da kwabo ya ba da kwanan watansa da kansa, wato 1973.

Abu na uku shi ne harshe. Hausar majami'a kari ce mai zaman kanta wadda ta ɗauki kalmomin gida ta ba su sabon aiki. Sujada a bakin Musulmi sanya goshi a ƙasa ce, a majami'a kuwa dukkan taron ibada ne. Baiko da aka sani a sha'anin aure ya zama abin da ake bayarwa don Allah. Zumunta ta tashi daga dangantakar jini ta zama sunan ƙungiya. Tarayya, bishara, ceto, alheri, jibi, duk sun sami irin wannan sauyi. Waƙoƙin zumuntar mata, waɗanda ake rerawa da kiɗan tulu da caki bisa tsarin bayarwa da amshi, ƙanne ne ga waƙoƙin daka da niƙa da na dandali. Matakan nazarin waƙar baka da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa, daga salsala zuwa turke da salo, za su hau kansu daidai ba tare da an yi musu kwaskwarima ba.

Abu na huɗu shi ne makabarta da dattawan da suka san ta. Kabari mai murfin siminti wanda aka zana wa suna da tsinke kafin ya bushe yana ba da shekara. Amma mafi yawan kaburburan ba su da alama, sai tsohuwa ɗaya ko biyu da za su ce wane yana nan, ƙanwarsa tana can, mahaifinsu kuwa an binne shi a kufai bisa al'adar da. Ranar da waɗannan tsofaffi suka kau, makabartar ta zama fili kawai.

Tsatso ɗaya, addini uku

Abin da ya sa wannan taska ta wuce mallakar Kirista su kaɗai shi ne yadda gidajen Maguzawa suka rabu. A gandu ɗaya akan sami wa ya musulunta ya koma gari, ƙane ya shiga majami'a, uba kuma ya mutu a kan abin da ya gada. 'Ya'ya mata sun yi aure ta kowane ɓangare. Bayan shekara sittin, jikan wan yana iya zama malamin jami'a ko ɗan kasuwar Dawanau, jikan ƙanen yana fasto ko soja. Na farkon ya san sunan kakansa na Musulunci, amma sunan uban kakan da ƙauyen da suka taso da irin tsagar gidansu da abin da ba su ci, sau da yawa sai a wajen dangin da suka tsaya a ƙauye, a gefen majami'a, zai same su.

Akwai wata kunya da ke hana wannan tambaya. A birni kalmar Bamaguje ta zama abin gori, har mutum yakan gwammace ya jingina asalinsa da wani wuri mai nisa da ya ambaci ƙauyen da ke tafiyar awa ɗaya da rabi daga Kano. Wannan kunya ba ta da tushe a ilimi. Tarihin Kano da kansa ya fara ne da Barbushe da Tsumburbura, kuma babu wanda ya ce ambatonsu ya rage wa Kano daraja a Musulunci. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A ɓangaren addini ma, hadisin Asma'u 'yar Abubakar, wadda aka umarta da ta sada zumunci da mahaifiyarta alhali mahaifiyar ba ta musulunta ba, sananne ne ga kowane ɗalibi. Mai zuwa gaida dangi ya tambayi asalinsa zumunci ya je yi, zumunta kuwa a ƙafa take.

Bahaushe Kirista ma yana da nasa rabon a nan. Yana zaune tsakanin tuhuma biyu: wasu 'yan'uwansa Hausawa suna ganin ya fita daga Hausanci, wasu Kiristocin kudu da na tsakiyar Nijeriya kuma suna mamakin akwai irinsa. Kafa Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, ƙungiyar Kiristocin Hausa da Fulani da Barebari, amsa ce ga wannan matsi. Rajistar da ke nuna kakansa da gonarsa da ƙauyensa hujja ce ta zama ɗan ƙasa, a ƙasar da takardar shaidar asali ke buɗe ƙofar makaranta da aiki ko ta rufe ta.

Hujjojin masu ja da baya

Masu ɗari-ɗari da wannan aiki suna da dalilai, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko shi ne tsoron kada nazarin majami'a ya zama tallata ta. Amsar tana cikin ɗakunan karatun sassan Hausa. Kundayen digiri a kan bori da tsafi da camfi da magungunan gargajiya sun cika kantoci, tun daga aikin Muhammad Sani Ibrahim na 1982 a kan dangantakar al'ada da addini har zuwa yau, ba a kuma taɓa cewa marubutansu sun zama 'yan bori ba. Fannin da ya iya nazarin Bamaguje a gaban kan gidansa ba shi da uzurin kau da kai daga ɗan Bamagujen don ya shiga majami'a. Fannin ma da kansa ya ci gajiyar 'yan mishan: nahawun Schön na 1862 da ƙamusunsa na 1876, da ƙamusun Bargery na 1934, har gobe ana buɗa su.

Dalili na biyu shi ne cewa mutanen kaɗan ne, bai kamata a ɓata ƙarfi a kansu ba. Ƙarancin adadi bai taɓa zama ma'aunin darajar abin nazari ba. Masu karin harshen da ya kusa ɓacewa su ne aka fi gaggawar naɗar maganarsu. Ƙauyukan nan sun riƙe kalmomin noma da na dangantaka da na bukukuwa waɗanda Hausar birni ta zubar, kuma kamar yadda aka gani, zuriyar da abin ya shafa ta ninka masu zuwa majami'ar sau da yawa.

Dalili na uku ya fi nauyi: takardun mishan suna da son zuciya. Rahoton Baturen mishan yakan siffanta Bamaguje a matsayin mai zaman duhu, ya siffanta malami da hakimi a matsayin abokan hamayya. Rajista kuma ba ta san kowa ba sai wanda ya shiga. Wannan gaskiya ne, maganinsa kuwa shi ne abin da masana tarihi ke yi wa kowace takarda, wato a auna ta da wata. Rahoton Razdan ma yana da son zuciya, haka waƙar makaɗin fada, ba a kuwa jefar da su ba. A haɗa rajista da bakin dattawa, na majami'a da na masallaci da waɗanda suka rage a kan gargajiya, sannan a duba takardun lardin Kano da ke Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna.

Dalili na huɗu shi ne tsaro, kuma shi ne ya kamata ya tsara yadda za a yi aikin. A watan Satumba na 2007 an yi tarzoma a garin Tudun Wada, aka rasa rayuka, aka ƙona majami'u. Al'ummar da ta ga haka tana da haƙƙin yin ɗari-ɗari da baƙon da ya zo yana neman jerin sunayen waɗanda suka sauya addini. Akwai kuma iyalai, ta kowane ɓangare, da ba su son a tono abin da suka rufe. Saboda haka littafi ya zauna a hannun masu shi, kwafi ya zama da yardarsu a rubuce, sunayen masu rai da na iyayensu kada su hau intanet, kuma abin da za a buga a mujalla ya zama an sakaya shi. Binciken da zai jefa mai ba da bayani cikin haɗari gara a bar shi.

Abin da ke cinye taskar

Gara da ɗigon ruwa da ɓera suna aikinsu a kan takarda kullum. Fasto yakan tashi zuwa wani gari ya tafi da littafi cikin kayansa, ko ya bar shi a akwatin da babu mai buɗewa. Abin mamaki, arziki ma yana cikin masu ɓarna: idan 'ya'yan ƙauye suka sami hali, alherin farko da suke yi wa gida shi ne rushe tsohon ginin ƙasa a kafa na siminti, ba tare da an ɗauki ko hoto ɗaya ba. Ba za a ga laifinsu ba, domin babu mai son yin ibada a ƙarƙashin azarar da ta ruɓe. Ƙaura ma tana da nata kason. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta tashi ƙauyuka, kufansu yana ƙarƙashin ruwa. Rashin tsaro a kewayen dajin Falgore ya sa wasu gidajen gona sun watse. Duk ƙauyen da ya tashi, makabartarsa da labarinta sukan bi shi.

Wani ɓangare na tarihin kuma yana nesa da masu shi. Takardun SIM suna Amurka, na CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila. Ɗalibin da ke Kano ya fi samun sauƙin karanta abin da Bature ya rubuta a kan ƙauye, in ya sami hanya, da ya ga abin da mai bishara ɗan ƙauyen ya rubuta da hannunsa da Hausa, alhali littafin yana cikin jiharsa.

Kammalawa

Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin sassan Hausa ba. Matakin farko ƙidaya ce: a bi ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a rubuta kowace majami'ar da ta haura shekara arba'in, da ɗariƙarta, da wanda ya kafa ta, da irin littattafan da take da su da halin da suke ciki. Ɗaliban digiri na farko da na biyu da suka fito daga waɗannan wurare, Musulmi da Kirista, su ne suka fi dacewa, kuma tura su bibbiyu zai buɗe ƙofofin da ɗaya ba zai iya buɗewa ba. Mataki na biyu shi ne naɗar hira da dattawa, a fara da mafi tsufa, a tambaye su asali da ƙaura da aure da waƙa da sunayen gonaki. Na uku shi ne ɗaukar hoton shafuka da na gine-gine, da auna ginin ƙasa a zana taswirarsa kafin a rushe. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano suna da wurin ajiya da ƙwarewa. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya ya riga ya tallafa wa irin wannan aiki a kan rubuce-rubucen ajami da na Larabci a Nijeriya, babu abin da zai hana a nemi tallafinsa. Shugabannin majami'u kuma suna da nasu nauyin: su hana fita da rajista daga inda take, su sa a ɗauki hoton tsohon gini kafin a sa masa diga.

Nazarin Hausa ya yi alkawarin bayyana Bahaushe da harshensa da adabinsa da al'adunsa. Bahaushen da ke rera waƙa da kiɗan tulu ranar Lahadi a wani ƙauye na ƙasar Kiru yana cikin wannan alkawari, haka ɗan'uwansa Musulmi da ya zo daga birni yana tambayar sunan kakan kakansa. Dattawan da za su amsa wannan tambaya sun haura saba'in, littattafan kuma suna cikin akwatunan da gara ta riga ta gano. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a nan kuwa mai rabon gara ce da mantuwa.